Baba na karɓar dala 23 na SNAP: ko kuɗin maganinsa zai sa a ƙara masa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina shekararsa 71, ɗan ƙasar Amurka ne, yana zaune shi kaɗai a gidajen tsofaffi. Fanshonsa na Social Security dala 1,400 ne a wata kafin a cire kuɗin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi. Haya da wuta suna cin wajen dala 800. Yana fama da hawan jini da ciwon suga, amma abin da ake sa masa a katin abinci na SNAP, shirin tallafin abinci na gwamnati, dala 23 ne kacal. Wata maƙwabciyarsa ta ce in aka kai wa ofis rasit na magani za a ƙara masa. Gaskiya ne? Mu 'ya'yansa ne ke biyan wasu daga cikin magungunan, ko hakan zai hana?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka muku kan ɗawainiyar da kuke yi da shi. Maƙwabciyar tasa ta faɗi daidai. Dokar SNAP ta yarda duk wanda ya kai shekara 60, ko mai karɓar tallafin nakasa irin SSI ko SSDI komai ƙarancin shekarunsa, a cire kuɗin da yake kashewa kan lafiyarsa daga kuɗin shigarsa kafin a yanke nawa za a ba shi. Dala 35 na farko a kowane wata ba sa shiga lissafi. Duk abin da ya ɗara haka ana cirewa, kuma ba a sa masa iyaka ta sama ba. A aikina na taya dattawa cike takardun tallafi, babu ragin da na ga ana asararsa kamar wannan. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka, wadda shirin ke ƙarƙashinta, sun daɗe suna nuna cewa gidajen da ake yi wa wannan ragi ba su kai ɗaya cikin biyar na gidaje masu tsoho ko mai nakasa ba. Ba don sauran lafiyarsu ƙalau ba. Ofis ba ya zuwa kantin magani ya tambayo nawa mutum ya kashe. Abin da aka faɗa masa aka kuma nuna shaida, shi yake rubutawa.

Dala 23 ɗin nan ma tana da labari. Ita ce mafi ƙarancin abin da ake ba gida mai mutum ɗaya ko biyu a shekarar lissafi ta 2025. Duk lokacin da na ga wannan adadi a takardar wani dattijo, na san lissafin ofis ya nuna bai cancanci komai ba, ko abin da ya cancanta bai kai haka ba, sai dai doka ta ce a ba shi ɗan wani abu. Mutanenmu kan karɓa su ce da babu gara ba daɗi. Amma ga mai hawan jini da ciwon suga da ke biyan Medicare daga aljihunsa, da wuya wannan ya zama haƙƙinsa na gaskiya.

Bari mu yi lissafin tare, don in kin gane shi sau ɗaya ba wanda zai ruɗa ki a ofis. Zan yi amfani da alƙaluman da suka yi aiki daga Oktoba 2024 zuwa Satumba 2025 a yawancin jihohi. Ana sabunta su kowace ranar 1 ga Oktoba, Alaska da Hawai kuma suna da nasu daban, saboda haka ki duba na shekarar da kike ciki. Hanyar lissafin dai ba ta canzawa.

Gwamnati tana ɗauka cewa kowane gida zai iya kashe kashi 30 cikin 100 na abin da ya rage masa wajen sayen abinci. Sai ta ɗauki mafi yawan abin da ake ba mutum ɗaya, wato dala 292, ta cire wannan kashi 30, abin da ya saura shi ake zubawa a kati. Ke nan duk kokawar tana kan "abin da ya rage". Daga dala 1,400 na Baba ana fara cire ragin da kowa ke samu, dala 204, saura 1,196. Daga nan a zo kan muhalli: ana raba 1,196 biyu, a samu 598, duk abin da haya da wuta suka ɗara wannan rabi shi ake cirewa. Mu ɗauka hayarsa da ƙiyasin kuɗin wuta da jiharsa ke amfani da shi sun kama dala 800. An ɗara da 202. A cire 202 daga 1,196, saura 994. Kashi 30 na 994 ya kusa 299, ya ma wuce 292. Shi ya sa aka ba shi 23.

Yanzu mu shigo da magani. Kuɗin Medicare sashen B, wato na ganin likita, a 2025 dala 185 ne a wata, ana cire shi daga fansho tun kafin ya shiga banki, shi ya sa dattawa da yawa ba sa ganinsa a matsayin kuɗin da suka kashe. Shi kaɗai, in aka cire 35 aka bar 150, zai ɗaga Baba daga dala 23 zuwa wajen 61. Sauran kuma bari in ƙiyasta su a matsayin misali, ke kya sa na gaskiya: kasonsa na magungunan da likita ya rubuta dala 48, kasonsa na ganin likita 40, magungunan kan kanta da likita ya ce ya riƙa sha 25, kayan gwajin suga da makamantansu 30, kuɗin mota zuwa asibiti da kantin magani 42, sai tabarau da gyaran haƙori na dala 600 da aka raba wa wata 12, wato 50 a wata. Jimla da kuɗin Medicare dala 420. A cire 35, saura 385.

Sake lissafi: 1,400 a cire 204 a cire 385, saura 811. Rabinsa 405 da ɗoriya. Yanzu muhallin nan na dala 800 ya ɗara rabi da wajen 394, ba 202 ba. A cire, saura wajen 417. Kashi 30 nasa 125. A cire daga 292, Baba zai samu dala 167 a wata. Bambancin dala 144 ke nan kowane wata, dala 1,728 a shekara, ba tare da kuɗin shigarsa ko ciwonsa sun canza ba. Jihohi sun ɗan bambanta wajen cike ɗigo, don haka kada dala ɗaya ko biyu su dame ki.

Ki lura da abin da ya faru a tsakiya, domin nan ne mutane da yawa, har da wasu masu ba da shawara, ke raina wannan ragi. Sukan ce kowace dala 10 ta magani dala 3 kawai take ƙarawa. Haka ne ga wanda hayarsa ba ta da yawa. Amma ga wanda haya ta riga ta cinye fiye da rabin kuɗinsa, ragin magani yana aiki sau biyu: ya rage kuɗin shiga, ya kuma faɗaɗa ragin muhalli, sai kowace dala 10 ta koma dala 4 da rabi. Sauran gidaje an ƙayyade musu ragin muhalli, a 2025 ba ya wuce dala 712. Gida mai tsoho ko mai nakasa ba shi da wannan iyaka. Dattijon da ke haya a Bronx ko Harlem a birnin New York, inda haya ke da tsada, shi ne ya fi kowa cin moriyar wannan.

To mene ne ake ƙirgawa? Abin da kowa ya sani ba sai na daɗe a kai ba: ganin likita, kwanciya asibiti, likitan haƙori, likitan ƙwaƙwalwa, gashin ƙashi, magungunan da aka rubuta, kuɗin inshorar lafiya kowace iri, da sashen B da sashen D na magunguna da inshorar da ke cike giɓin abin da Medicare ba ta biya. Haƙoran roba, na'urar ƙara ji da baturanta, tabarau na likita, keken guragu, sandar dogarawa, gadon majiyyaci, duk suna ciki. Ainihin Medicare ba ta biyan gyaran haƙori na yau da kullum, ko tabarau, ko na'urar ji, shi ya sa manyan kuɗaɗen da dattawa ke fitarwa da hannunsu galibi nan suke. Mai amfani da insulin kuma, tun 2023 aka ƙayyade kasonsa a Medicare kada ya wuce dala 35 a wata, wanda ya yi daidai da ƙofar da ake buƙatar tsallakewa. In yana biyan wannan, duk wata dala ta gaba riba ce.

Abubuwan da ake mantawa su ne nake so ki zauna da Baba a kansu. Na farko kuɗin mota. Bas, jirgin ƙasa, tasi, Uber, kuɗin ajiye mota a asibiti, kuɗin gada, duk ana ƙirgawa in dai tafiyar ta neman magani ce, har da zuwa ɗauko magani. In da motarsa yake zuwa, ana lissafi da mil, kowace jiha da farashinta. Wasu suna bin na hukumar haraji, wanda a 2025 santi 70 ne na harkar aiki, santi 21 na jinya. In an tura shi asibitin wani gari ya kwana a masauki, kuɗin masaukin ma yana shiga. Ki saya masa ƙaramin littafi, ko ke ki riƙa rubutawa a wayarki: rana, inda aka je, nawa aka kashe.

Na biyu magungunan da ake ɗauka a kanta ba tare da takarda ba: asfirin, maganin ciwon gaɓoɓi, bitamin, ɗigon ido, man shafawa na ciwo. Sharaɗinsu ɗaya ne, likita ko wani ma'aikacin lafiya mai lasisi ya amince da su. Ba sai ya rubuta takardar magani ba. Layi biyu a kan takardar asibiti cewa yana shawartar wane da ya riƙa amfani da kaza da kaza ya isa. A ziyara ta gaba ki tafi da jerin, ki roƙi a sa hannu.

Na uku shi ne wanda kunya ke ɓoyewa. Kunzugun manya, shimfiɗar gado ta masu yoyon fitsari, safar hannu, kayan wanke gyambo. Dattijon Bahaushe ba zai gaya wa baƙuwar ma'aikaciya ta waya cewa yana sayen kunzugu ba, kuma ba zai gaya wa 'yarsa ba. In ma'aikaci ya tambaye shi lafiya, amsar "alhamdu lillahi" ce, sai a rubuta sifili. Na sha ganin haka. Kada ki tsare shi da tambaya. In akwai ɗa namiji ko wani amininsa, shi ya kamata ya ji wannan ɓangaren, ko kuma a bar rasit ya yi magana: a ce masa ya riƙa jefa kowace takardar kanti a cikin ambulan ɗaya, ba sai ya yi bayani ba.

Na huɗu mai taimako a gida. In tsufa ko ciwo sun sa yana biyan wata ta zo ta yi masa wanka, girki, shara ko wanki, wannan kuɗin magani ne a idon doka, in dai ba cikin gidansa na SNAP take ba. In ma shi ke ciyar da ita mafi yawan abincinta, ana ƙara masa ragin da ya kai kason mutum ɗaya, wato dala 292 ɗin nan. Matsalar ita ce irin wannan biya a tsakaninmu hannu da hannu ake yi. A rubuta 'yar takarda mai kwanan wata da adadi, ita ta sa hannu.

Abin da ba a ƙirgawa kuma bai da yawa. Abinci na musamman ba ya shiga ko da likita ne ya ce a ci, don haka alkama da acca da madarar gwangwani ta masu suga ba za su wuce ba, hujjarsu ita ce kati na iya sayensu. Inshorar rai ko wadda ke biyan diyya dunƙule ba ta shiga. Kuɗin maganin wanda bai kai 60 ba kuma ba shi da nakasa ba ya shiga, ko da matarsa ce suna gida ɗaya. Zuma, habbatus sauda, saiwoyi da sauran abin da ake aiko wa iyayenmu daga gida ba sa shiga sai likita mai lasisi ya amince a rubuce, abin da ba kasafai ake samu ba. Haka ƙwayoyin hawan jini da wani ya riƙo daga Kano ko Kumasi don sun fi araha. Babu takardar likitan nan, babu rasit da ofis zai gane. Ni ma dai na fi so likitansa ya san yana shan su, don kada su yi karo da waɗanda aka rubuta masa.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, wadda ita ce ta fi shafar gidajenmu. Abin da wani ya biya ba a cire wa Baba shi. In inshora ta biya, ko Medicaid, shirin lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ko ke kika miƙa katinki a kantin magani, ofis zai ce ba daga aljihunsa ya fita ba. Ba za a ƙirga shi cikin kuɗin shigarsa ba, amma ba za a yi masa ragi ba. In kuwa kuɗi kuke ba shi a hannu kowane wata ya je ya saya, to za a yi ragin, sai dai kuɗin da kuka ba shi ya zama kuɗin shiga, abin da aka ba shi da dama an karɓe da hagu. Abin da nake ba iyalai shawara shi ne su sauya wa taimakonsu wuri. Baba ya biya maganinsa da hayarsa da kuɗin fanshonsa, domin su ne ake yi wa ragi. Ku kuma ku ɗauki abubuwan da ba a yi wa ragi: tufafi, kayan gida, sabulu, kuɗin talabijin, inshorar mota, buhun shinkafa da nama. Ku saya ku kai masa, ko ku biya kamfanin kai tsaye. Kayan da aka kawo wa mutum ba kuɗin shiga ba ne a lissafin SNAP. Adadin da kuke kashewa bai canza ba, babu ƙarya a ciki, babu ɓoye-ɓoye. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ku biya da katinku sannan a kai rasit a ce shi ya biya. In aka gano, za a bi shi bashin abin da aka ba shi, ana iya kuma dakatar da shi.

Manyan kuɗaɗe na lokaci ɗaya suna da zaɓi, kuma ma'aikaci ba koyaushe yake faɗa ba. Ana iya cire su dunƙule a wata ɗaya, ko a raba su kan watannin da suka rage kafin sabunta rajista. A misalinmu, ba tare da dala 600 ɗin nan ba Baba zai samu 144. In aka cire su a wata ɗaya, iyakar abin da zai samu a watan 292 ne, ribar 148 ke nan. In aka raba wa wata 12, ƙarin dala 23 ne sau 12, wato 276. Rabawa ta fi masa. Amma ga wanda ba shi da wani kuɗin magani na wata-wata abin na iya juyewa: takardar dala 300 da aka raba 12 ta koma 25, ba ta ma kai 35 ba, an tashi a tutar babu. Shi gara a cire masa dunƙule. Wani abin kuma, ba sai an biya ake ƙirgawa ba, da zarar takardar biya ta fito aka san kason da ya hau kansa bayan inshora, ta isa. Tsohon bashin da wa'adinsa ya daɗe da wucewa shi ke ba da wahala. Saboda haka a kai takarda da wuri, in kuma babba ce a yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan da asibiti a rubuce, jihohi da yawa suna ƙirga abin da ake biya duk wata.

Tara shaida bai kai yadda ake tsoronsa ba. Ki je kantin da yake karɓar magani ki ce a buga miki tarihin abin da ya biya na wata 12, cikin mintuna za su ba ki. Wasiƙar da Social Security ke aikowa ƙarshen kowace shekara tana nuna kuɗin sashen B. Ofishin kuɗi na asibiti zai ba da bayanin abin da ya biya. Sai takardar likita kan magungunan kanta, da rasit na wata ɗaya ko biyu, da littafin tafiye-tafiye. Da waɗannan ofis zai ƙiyasta abin da zai kashe har ƙarshen wa'adin rajistarsa, ba sai ana kai rasit duk wata ba. Ranar sabuntawa ma, in jimlar ba ta canza da fiye da dala 25 ba, ba a buƙatar sabuwar shaida.

Jihohi fiye da 20 sun sauƙaƙa abin da wani tsayayyen ragi: da zarar mutum ya nuna yana kashe fiye da dala 35, sai a ba shi adadi guda ko da abin da ya kashe bai kai haka ba. A Masacusets, misali, dala 155 ne. Mai kashe dala 40 a can ana yi masa ragin 155, ba 5 ba. Wanda kuɗinsa ya fi tsayayyen adadin kuma yana da damar kawo cikakkiyar shaida a cire masa na gaskiya. Ki tambaya ko jiharku na ciki. Ga Baba, da 385 ɗinsa, cikakkiyar shaida ta fi.

Kada ki jira lokacin sabuntawa. Dattawa da yawa rajistarsu ta wata 24 ce ko 36, jira asara ce kawai. Ana iya kai rahoton kuɗin magani kowace rana, ta intanet, ta wasiƙa ko a ofis. A birnin New York manhajar ACCESS HRA tana karɓar hoton takardu. In shaida ta cika, ofis na da kwana 10 ya yi aiki a kai, ƙarin kuma galibi yakan fito a zubin wata mai zuwa. Ki ajiye kwafin komai da shaidar ranar da kika miƙa. Zai fi sauƙi Baba ya sa hannu ya naɗa ki wakiliyarsa a hukumance, don ki iya magana da ofis a madadinsa. In kuma shi zai yi hira da su, yana da haƙƙin tafinta kyauta. A nemi mai jin Hausa tun kafin ranar.

Akwai abin da nake ganin ya ma fi wannan ragi amfani ga Baba, kuma zai zama rashin adalci in ban faɗa ba. Da kuɗin shiga na dala 1,400, akwai yiwuwar ya cancanci shirin da jiha ke biya wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin sashen B ta hanyar Medicaid, wanda matakansa su ne QMB da SLMB da QI. Wasu jihohi suna duba ajiyar banki, wasu ba sa dubawa. In ya samu, dala 185 za ta daina fita daga fanshonsa. Gaskiya ne daga nan ba za a ƙirga ta cikin ragin magani ba, SNAP ɗinsa zai sauka daga 167 zuwa wajen 83. Amma ki haɗa: 83 da 185 sun zama 268, sun fi 167 da dala ɗari. Kuma wanda ya shiga wannan shiri kai tsaye ake sa shi cikin tallafin rage kuɗin magunguna na sashen D. Na ga mutanen da suka ƙi nema don kada katin abinci ya ragu. Kuskuren lissafi ne: dalar da ba ta fita daga aljihu ba cikakkiya ce, wadda ta fita aka yi ragi a kanta santi 45 ne ke dawowa. A nemi duka biyun, ranar da jiha ta fara biya a sanar da ofishin SNAP. Masu ba da shawara kan Medicare kyauta, waɗanda ake kira SHIP, suna kowace jiha, haka ofisoshin kula da tsofaffi na yanki, kuma kiran 211 zai haɗa ki da na kusa. Tunda a gidajen tsofaffi yake, in na tallafin gwamnati ne, ki kai wa ofishin gidan kwafin takardun nan, su ma suna rage haya saboda kuɗin magani bisa nasu ƙa'idojin.

Baba ɗan ƙasa ne kuma shi kaɗai yake zaune, don haka nasa mai sauƙi ne. Ga masu karatu da iyayensu ke zaune tare da su, ofis yana kallon masu saye da dafa abinci tare a matsayin gida ɗaya, sai a haɗa kuɗin shigar kowa. Iyayen da ke saye da dafa nasu daban suna iya yin rajista daban ko da rufi ɗaya ne. Wanda ya kai 60 kuma nakasa ta dindindin ta hana shi girki yana iya zama gida daban ko da tukunya ɗaya ake ci, in kuɗin shigar sauran bai wuce kashi 165 cikin 100 na ma'aunin talauci ba. Mai katin zama na dindindin galibi sai ya shekara 5 kafin ya cancanta, kuma in ɗansa ne ya tsaya masa ya shigo, ana iya ɗora masa wani kaso na kuɗin ɗan a lissafi har sai ya zama ɗan ƙasa ko ya cika zangon aiki 40 na wata uku-uku. Wanda ya zo da bizar ziyara ba ya ciki. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta ƙara tsaurara abin: ta cire 'yan gudun hijira da masu mafaka da ba su kai ga katin dindindin ba, ta kuma kai sharaɗin cewa mai karɓar tallafi ya riƙa aiki har shekara 64. Shekarun ragin magani dai suna nan a 60. Duk wanda ba ɗan ƙasa ba, ya ga lauyan shige da fice ko ofishin taimakon shari'a na kyauta kafin ya miƙa takarda.

In sabuwar wasiƙa ta zo, ki nemi shafin da ke nuna lissafi, ki duba layin kuɗin magani da idonki, ki gwada shi da jimlarki bayan cire 35. In an ƙi wani abu, ki nemi a rubuta dalili. Kina da kwana 90 daga ranar wasiƙar ki nemi a saurari ƙara, kyauta ne, kuma sau da yawa shugaban sashe kan gyara kuskuren kafin ranar zaman. Ki kuma binciko tsofaffin takardun Baba. In ya taɓa faɗa wa ofis yana biyan Medicare ko ya taɓa kai rasit aka ƙi sa su a lissafi, kuskuren na ofis ne, doka ta ce a mayar masa da abin da ya rasa har na wata 12 baya, kuma sai an nema a rubuce ake saurin samunsa.